Fashin Baƙi: Dalilin da Ya Sa Tsohuwar Fijo 504 Take Ci Gaba da Cin Tayar Gaba Bayan An Yi Mata Alaimen

Fijo 504 da na gada a wurin mahaifina ta cinye mini tayoyin gaba guda huɗu a cikin shekara ɗaya, alhali sau uku ina kai ta wurin masu alaimen, wato saitin tsayuwar ƙafafun mota, a wannan shekarar, kuma kowane zuwa sai an ɗaura mata na'ura, an juya noti, an nuna mini lambobi a allo, an ce aiki ya kammala. Bayan 'yan watanni sai in shafa bakin tayar dama ta ciki in ji ya yi sulɓi, zanensa ya share, ragowar fuskar tayar kuwa tana nan kamar sabuwa. Abin da na fahimta daga baya, wanda shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne cewa a tsohuwar mota alaimen mataki ne na ƙarshe, ba na farko ba, domin na'ura tana auna tsayuwar ƙafafu ne a lokacin da mota take tsaye cik, ba ta da hanyar gaya wa mutum abin da ƙafafun suke yi idan an hau hanya, an taka birki, an faɗa rami.

Na zaɓi 504 a matsayin misali ne saboda ita ce tsohuwar motar da idonmu ya fi sabawa da ita. Kamfanin Peugeot, wato Fijo, ya fito da ita a Faransa a 1968, ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969, ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975, kuma masana'antar haɗa Fijo ta PAN da ke Kaduna ta ci gaba da haɗa ta shekaru masu yawa bayan an daina ƙera salun ɗinta a Turai a 1983. Wannan yana nufin cewa mafi ƙuruciyar 504 da ke yawo a titunanmu ta doshi shekara ashirin, da yawa kuma sun haura arba'in, sun yi taksi, sun yi jigilar tasha zuwa tasha, sun ɗauki lodin da wanda ya zana su bai taɓa tunani ba. Mai neman gyara ƙafafun irin wannan mota dole ya riƙe wannan tarihin a zuciyarsa.

Kalmar alaimen ta ƙunshi kusurwoyi uku ne, kuma rashin bambance su shi ne tushen yawancin ruɗanin. Ta farko ita ce tsukewa ko buɗewar bakin tayoyi: idan mutum ya leƙo mota daga sama, shin gaban tayoyin biyu ya ɗan kusanci juna fiye da bayansu, ko ya ɗan nisanci juna? Ta biyu ita ce kamba, wato kishingiɗar taya idan an tsaya a gaban mota ana kallonta. Idan saman tayoyin ya karkata ciki sai motar ta yi kama da mai gwame, idan ya karkata waje sai ta yi kama da mai bakan ƙafa. Ta uku ita ce kasta, wadda ba a ganin ta da ido a jikin taya, domin karkata ce ta layin da ƙafar take juyawa a kansa idan an kalle ta daga gefe. Wanda ya taɓa lura da yadda fok ɗin keke ya kwanta baya, tayar ta yi gaba, har mahayi yana iya sakin hannu keken ya miƙe da kansa, ya riga ya san aikin kasta: ita ce take sa sitiyari ya dawo tsakiya bayan an sha kwana, ita ce kuma take riƙe mota a kan miƙaƙƙen layi.

A salun ɗin 504, abin da littafin gyara yake nema shi ne tsukewa ta kimanin milimita 3, kamba wadda ba ta kai digiri 1 ba, da kasta tsakanin digiri 2 da 3, ko da yake wajibi ne a duba adadin da ya dace da samfurin da shekarar motar da ke hannu. Dalilin wannan 'yar tsukewa shi ne cewa ƙafafun baya ne suke tura motar, na gaba kuwa jan hanya yana ƙoƙarin ture su baya ya buɗe bakinsu, saboda haka ana tsuke su kaɗan a tsaye domin su daidaita sak a lokacin tafiya. Milimita kaɗan na iya zama kamar ba komai ba, amma lissafi yana nuna akasin haka. Idan tsukewar ta wuce ƙa'ida da milimita 6 a kan rim mai inci 14, kowace taya ta karkace da milimita 3 a cikin kusan milimita 356, wanda yake daidai da jan ta a kaikaice kimanin mita 8 a kowace kilomita. Tafiya ɗaya daga Kano zuwa Kaduna, mai nisan kusan kilomita 230, ta zama kamar an ja tayar a ƙasa ta gefe na kusan kilomita 2. Babu kusurwar da take kashe taya da sauri kamar wannan.

Ga kuma batun da masu 504 da yawa ba su sani ba. Ƙafar gabanta irin tsarin nan ce da ake kira da sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson, inda shakazoba da sifirin suke haɗe a dogon bututu guda, samansa a ɗaure a jikin bodi, ƙasansa a kan boljoyin, wato gaɓar da ƙafar take juyawa a kanta, da hannayen ƙasa. A wannan tsari kamar yadda Peugeot ta ƙera shi, tsukewa kaɗai ake iya sauyawa ta hanyar tayarod, wato sandar da take kai juyin sitiyari ga ƙafa, kamba da kasta kuwa an kafa su tun daga masana'anta, babu notin da aka tanada domin gyara su. Saboda haka idan aka auna aka ga kamba ko kasta ta kauce, wannan ba aikin saiti ba ne, shaida ce cewa wani ƙarfe ya lanƙwashe, ko roba ta mutu, ko sifirin ya zauna, ko bodin da kansa ya motsa. Ba haka abin yake a kowace tsohuwar mota ba, domin Volkswagen Beetle ta bayan 1965, alal misali, tana da wurin saita kamba a boljoyin ɗinta na sama, tsofaffin motocin Amurka da yawa kuma ana saita su da siraran faifan ƙarfe da ake cusawa a bayan hannun sama. Don haka tambayar farko da ya kamata mai gyara ya yi wa kansa ita ce: me aka yi wa wannan motar hanyar saitawa, me kuma sai an canza shi?

Kafin a taɓa sifana, a fara tantance koken da kansa, domin mutane sukan haɗa cututtuka huɗu su kira su da suna ɗaya. Akwai motar da take ja gefe guda idan an sassauta riƙon sitiyari. Akwai wadda take tafiya sak amma sitiyarinta a karkace. Akwai mai yawo, wadda direba ba ya hutawa da gyara mata hanya dama da hagu. Akwai kuma mai rawar sitiyari. Ta ƙarshen nan kusan kullum ba ta da alaƙa da alaimen. Sitiyarin da yake karkarwa idan an kai gudun kilomita 80 zuwa 100 a awa, ya lafa idan an rage ko an ƙara, yana nuni ne ga balansin, wato daidaiton nauyin taya a zagayenta, ko rim da ya lotsa, ko taya mai ƙullutu, ko busasshen taɓo da ya manne a cikin rim bayan tafiyar damina. Idan kuwa rawar ba ta zuwa sai an taka birki, to faifan birki ne ya karkace.

Jan gefe shi ne ya fi buƙatar haƙuri. Da farko a tuna cewa ana gina titi da ɗan tudu a tsakiya domin ruwa ya gangara, kuma tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, lafiyayyar mota ma takan ɗan zame dama sannu a hankali idan an sake ta. Gwajin gaskiya sai a shimfiɗaɗɗen wuri. Sannan a auna iskar tayoyin da geji tun suna da sanyi, a tabbata girmansu ɗaya, zanensu ɗaya, domin abu ne da aka saba gani a tarar da tsohuwar mota da tayoyin gwanjo iri biyu a gaba, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Idan wannan ya daidaita amma jan yana nan, sai a musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama, don gwaji kawai. Idan jan ya sauya ɓangare, laifin na taya ne, domin wata tayar takan fito ko ta tsufa da ɗan siffar mazurari, tana mirginawa zuwa gefe guda komai kyawun saiti. Idan bai sauya ba, a yi 'yar tafiya ba tare da yawan taka birki ba, a sauko a kusantar da hannu ga cibiyar kowane wili. Wanda ya fi ɗan'uwansa zafi sosai birkinsa yana kamawa, kuma mota takan ja zuwa wajensa. Sai duk waɗannan sun fita daga zargi ne ake komawa kan kusurwoyi, inda ƙa'idar take cewa mota tana ja zuwa ɓangaren da saman tayarsa ya fi karkata waje, ko ɓangaren da kastarsa ta fi ƙanƙanta. Tsukewa ita kaɗai ba ta cika sa mota ja ba, domin ƙafafun biyu sukan raba kuskuren a tsakaninsu, sakamakon ya bayyana a karkataccen sitiyari da cin taya.

Tayar da kanta tana ba da labari ga wanda ya iya karanta ta da tafin hannu. A shafa fuskarta a kwance, daga ciki zuwa waje sannan daga waje zuwa ciki. Idan ta yi santsi ta ɗaya wajen amma ta kama hannu kamar haƙoran zarto ta ɗayan, to tsukewa ce ta ɓaci. Idan gefe ɗaya ya cinye sumul ba tare da wannan kaifin ba, an fi zargin kamba. Cin gefe biyu tare alamar ƙarancin iska ce, cin tsakiya alamar yawanta ne, lotsa-lotsa a zagayen taya kuwa alama ce ta shakazoba da ta mutu ta bar ƙafar tana tsalle.

A nan ne zan koma ga motata. Wanda ya gano ciwonta wani dattijon bakanike ne da ya shafe rayuwarsa a kan Fijo, kuma bai ɗaga ta a jak ba ma da farko. Ya sa na shiga na tuƙo ta a hankali a filin garejinsa, shi kuma ya tsuguna a gefen dama yana kallon tayar, ya ce idan na iso daidai shi in danne birki da ƙarfi. Da na yi, sai ya miƙe ya ce, "Malam, sauko ka gani da idonka, yaro zai maimaita." Na tsuguna inda ya tsuguna, yaron garejin ya danne birki, na ga tayar ta ja baya a cikin ramin madigadi kusan faɗin yatsa, sannan ta dawo wurinta da aka saki. Na ce, "Baba, mene ne wannan?" Ya kwanta ya nuna mini bushin ɗin hannun da yake riƙe ƙafar daga gaba, robar ta tsattsage ta jiƙe da man inji da ya daɗe yana ɗiga a kanta, har ta yi laushi kamar danƙo. A kan na'ura, motar tana tsaye, ƙafar takan zauna a wurinta ta ba da lambobi masu kyau; a kan hanya kuwa kowane birki da kowane rami yana buɗe bakin tayar yana kankare gefenta na ciki. Sau uku aka saita abin da ba ya zama wuri ɗaya.

Saboda haka binciken sassa shi ne zuciyar aikin, kuma ya cancanci a ba shi lokaci fiye da saitin kansa. A ɗaga gaban motar a tokare ta da abin tokara mai ƙarfi, kada a dogara ga jak shi kaɗai. A kama taya hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa a girgiza. Idan akwai wasa, a sa wani ya danne birki a sake girgizawa, in wasan ya ɓace boris ne, in yana nan boljoyin ne ko shakazobar da ta ci kanta. A sake kama ta hannu ɗaya a gaba ɗaya a baya, a girgiza yayin da wani ya ɗora hannu a kan kowace gaɓar tayarod yana jin inda ƙwas ɗin yake fitowa, a waje ne ko a cikin robar da ta rufe rak ɗin sitiyari, wato sandar mai haƙora da take tura tayarod dama da hagu. A sa ƙarfen banƙara a kowane bushin a ga ko yana motsi fiye da abin da roba mai rai za ta yarda. A duba faifan robar da ya haɗa sandar sitiyari da rak, domin idan ya tsage yakan haifar da yawon da ake ɗora wa alaimen laifinsa, a kuma duba notikan da suka ɗaure rak ɗin da gindin da yake zaune a kai. Daga nan a buɗe bonet a dubi wurin da saman shakazoba ya ɗaure: tsatsa, tsagewa, ko alamar walda da fenti sabo a wajen suna nuna cewa bodin ya taɓa motsawa, kuma kamba ta tafi tare da shi.

Tsayin mota daga ƙasa yana cikin abin da ake yawan tsallakewa. Kusurwoyin da masana'anta ta bayar an auna su ne a kan wani tsayi na musamman, kuma sifirin da ya shekara talatin yana ɗaukar nauyi ya riga ya zauna, sau da yawa ɓangaren direba ya fi zama. A tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen daɓe, but babu kaya, a auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi a kowane ɓangare, a ga ko sun zo ɗaya. Haka nan dabarar da wasu masu haya suke yi ta sa sifirin wata mota ko cusa wani abu a ƙarƙashinsa domin ɗaga motar saboda lodi da gargada tana sauya kamba da kwanciyar tayarod gaba ɗaya, har mota ta riƙa sauya hanya da kanta duk lokacin da ta hau tudu ta sauka. Faffaɗan rim na ado da aka ɗauko daga wata mota shi ma yana matsar da wurin da taya take taka ƙasa, ya ƙara wa boris nauyi, ya sa sitiyari ya riƙa fizgar hannu a rami.

Sai kuma ƙafafun baya, waɗanda su ne suke nuna wa mota alƙiblarta. Tazarar da ke tsakanin wilin gaba da na baya a salun milimita 2740 ce, a doguwar wagon kuma 2900, kuma ko da ba a samu adadin cif da tef ɗin hannu ba, abin nema shi ne dama da hagu su yi daidai da juna. Idan ɓangare ɗaya ya gaza, ko dai ƙafar gaba ta ja baya sakamakon karo ko faɗawa rami, ko kuwa ta baya ta goce. A a-kori-kura mai sifirin ganye, karyewar kusar tsakiya takan sa gatarin baya ya zame, motar ta riƙa tafiya a kaikaice, wanda yake bin ta a baya yana hango gefenta guda. Babu juya tayarod da zai warkar da wannan.

Idan aka sami abin da ya lalace, hukuncina a nan ba shi da sassauci: a canza shi. Gasa shakazoba ko hannun sitiyari da wuta domin a miƙe shi yana kashe ƙarfin ƙarfen, walda a jikin tayarod kuwa caca ce da rayukan da ke cikin mota, domin ranar da ta ɓalle ƙafar za ta juya inda ta ga dama. Kayan 504 ba su yi wuyar da za ta halatta wannan ba. Ana samun su a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, sababbi da na gwanjo, sai dai a tafi da tsohon a hannu a jera su a gwada tsawo, kuma a canza bushin da sifirin bibbiyu, dama da hagu tare. Wajen ɗaurawa akwai ƙa'ida guda da yaran gareji suke yawan karyawa saboda sauri: ba a ƙulle notin bushin ɗin roba alhali ƙafar tana lilo a sama, sai an sauke motar nauyinta ya zauna a kan tayoyi, in ba haka ba robar za ta kasance a murɗe dindindin, ta ɗaga motar kaɗan, ta kuma tsage tun ba ta yi nisa ba.

Yanzu ne aka iso ga saitin. A fara kawo rak tsakiya ta hanyar ƙirga juyin sitiyari daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama a raba biyu, domin al'adar cire kan sitiyari a mayar da shi a miƙe don a ɓoye karkata tana barin motar tana shan kwana ɗaya fiye da ɗaya. Wanda zai je wurin na'urar kwamfuta ya tafi da adadin motarsa a rubuce, saboda ba kowace na'ura take ɗauke da bayanan 504 ba, kuma idan mai aikin ya zaɓi wata mota ta zamani mai jan gaba a madadinta, koren da allo zai nuna, alamar saiti ya yi daidai, ba na motarka ba ne. Wanda ba shi da na'ura a kusa zai iya samun sakamako mai kyau da zare da tef da alli. A turo motar gaba 'yan taku a daɓe mai kyau domin ƙafafun su zauna, a yi alama da alli a bakin rim na baya a daidai tsayin cibiya, a auna tazarar rim biyun, sannan a tura motar gaba rabin juyin taya har alamomin su dawo gaba, a sake aunawa a daidai wurin. Yin haka a kan alama guda yana kawar da kuskuren rim da ya ɗan lotsa. Awon gaba ya gaza na baya da kimanin milimita 3. Inda tayarod biyun suke da zaren saiti, a raba juyin daidai a tsakaninsu, kuma bayan kowane juyi a sake tura motar baya da gaba kafin a auna, domin robar taya tana riƙe tsohon matsayinta a ƙasa.

Akwai awo ɗaya na ƙari da yake tona asirin lanƙwasasshen hannun sitiyari. A kwana, tayar ciki tana bin da'ira mafi ƙanƙanta, saboda haka dole ta juya fiye da ta waje, tsarin da ya samo sunansa daga Rudolph Ackermann wanda ya yi masa rajista a Ingila a 1818, tun zamanin keken doki. Idan aka juya sitiyari dama aka auna bambancin, aka juya hagu aka auna, ya kamata su zo ɗaya. Motar da take kukan taya a kwana ɗaya kawai ko da a hankali ake tafiya, alhali tsukewarta daidai take a miƙe, a nan ya kamata a nemi ciwonta.

Bayan an ƙulle notika, a fita gwaji a hanya mai kyau, a saki sitiyari kaɗan a ga ko ta miƙe, a sha kwana a ga ko yana dawowa da kansa, a danne birki a ga ko ta tsaya sak. Sababbin sifirin da bushin sukan ɗan zauna a makonnin farko, don haka ya dace a sake auna tsukewar bayan 'yan ɗaruruwan kilomita. Haka dattijon nan ya sa na yi: na koma masa bayan wata guda, ya sake jan tef, ya ƙara rubu'in juyi a tayarod, ya shafa bakin tayar dama ta ciki da tafin hannunsa, ya ce in tafi. Tayoyin da na saya a wancan makon su ne a gaban motar har yau, kuma cinsu ya tafi bai ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan.